Shekarar 1934 da Asalin Bikin Kamun Kifi na Argungu

Duk lokacin da aka yi shelar bikin kamun kifi, jama'a kuma suka fara tururuwa daga Nasarawa da sauran unguwannin Birnin Kebbi zuwa Argungu, sai wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa game da shekarar da aka fara shi. Amsar da ta fi yaɗuwa ita ce 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuma ya shirya masa gagarumin su, wato kamun kifi na taron jama'a, domin girmama shi. Babu gardama a kan aukuwar ziyarar, amma ɗaukar ta a matsayin farkon al'adar ya rage wa Kabawa shekaru masu yawa na tarihinsu.

Ba a fahimtar nauyin wannan ziyara sai an koma ga abin da ya gabace ta. Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ikon Askiya Muhammad na Songhai wajen 1516, ya kafa daular Kabi da babban birninta a Surame, inda har yau ragowar ganuwar duwatsu take tsaye. Bayan fadar ta koma Birnin Kebbi, rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, shi da danginsa kuma suka ƙi miƙa wuya. Magajinsa Sama'ila Karari ya yi tunga a Argungu har aka kashe shi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya shafe shekaru a tsare a Sakkwato kafin ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849, kuma in ban da sulhun da ake kira Lafiyar Toga, yaƙi bai lafa ba har zuwan Turawa. A 1892 Sarkin Kabi Sama'ila ya kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga bakin Argungu. Ke nan a 1934 akwai dattawan da suka ga wancan yaƙi da idanunsu, ga shi kuma magajin gadon da suka yaƙa ya sauka garinsu a matsayin baƙo.

Masu ra'ayin cewa al'adar ta girmi 1934, waɗanda hujjarsu ta fi ƙarfi, suna nuni da cewa Sarki Sama bai ƙirƙiro komai a ranar ba, ya dai zaɓi abin da mutanensa suka fi gwanancewa ya nuna wa baƙonsa. Tun kafin jihadi Kabawa suna da gyaran ruwa, wato hidimomin neman kariya kafin a shiga kogi, da fashin ruwa, wato buɗe shi ga masunta bayan an hana kamu na wani lokaci domin kifi ya hayayyafa. Sarautar Sarkin Ruwa, wanda sai da izininsa ake shiga kogin Matan Fada, ba ta da alamar abin da aka kafa domin tarbar baƙo guda, haka nan ƙwarewar riƙe homa, wato ragar hannu, tare da kwanciya a kan gora ana iyo, sana'a ce da ake gada daga iyaye. Abin da 1934 ta kawo shi ne mayar da wannan aiki na neman abinci taron sarauta da ake gayyatar baƙi, tare da ɗora masa ma'anar sulhu.

Irin wannan ruɗanin shekara ya shafi Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1958, inda ake ajiye makamai da tambura da kayan su, kuma a nan kaburburan sarakunan Argungu suke. Ana yawan rubuta cewa Nabame ne ya gina ta a 1831, alhali a shekarar ce aka kashe mahaifinsa aka tafi da shi Sakkwato, don haka ya fi dacewa a ce ko dai an aza harsashin ginin a zamanin Karari, ko kuma Nabame ya gina shi bayan 1849.

Daga baya bikin ya ƙunshi kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa da hannu, sannan kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona. An kama kifi mai nauyin kilo 75 a 2005, hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan kimanin shekara goma ba a yi ba.