Farfaɗiyar Dare da Neman Mai Shaida

Tun zamanin Yunanawa hukama suka lura akwai alaƙa tsakanin barci da farfaɗiya, domin bayan Abuƙirat ya kafa hujja, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa asalin cutar daga ƙwaƙwalwa ne, Arisɗo ya ambata cewa sau da yawa cikin barci takan fara kama mutum. Ibn Sina kuwa, cikin littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025, ya lissafa dannau cikin alamun da kan gabace ta.

Amma mushkilar da ta gagari magabata ita ce rashin shaida, saboda wanda ta kayar a kasuwa da rana tsaka yana da mutum goma masu bayani, alhali wanda ta buge cikin talatainin dare, fitila a kashe, ba ya da bayyina illa harshe a cije, shimfiɗa a jiƙe, da tsamin jiki da asuba. A 1885 likita Gowers na Landan ya ƙididdige cewa kimanin ɗaya cikin biyar na majinyatansa da dare kaɗai take tasar musu, sai dai ilminsa bai wuce ƙidaya ba.

Sai a 1929, da Hans Berger na Jena ta Jamus ya bayyana na'urar da ke zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a takarda, aka sami shaidar da ba ta gyangyaɗi. A 1947 kuma likita Gibbs da matarsa Erna suka nuna a Amurka cewa alamar farfaɗiyar da ta ɓuya wa na'urar mutum yana farke takan fito da zarar barci ya ɗauke shi, dalilin da ya sa har yau akan umarci majinyaci ya rage barci kafin awo. Duk da haka likitoci sun yi tuntuɓe, kuma a ganina ba abin zargi ba ne: a Bolonya ta Italiya, a 1981, Lugaresi ya siffanta masu zabura suna fizge-fizge da dare a matsayin masu larurar barci, sai daga baya aka tabbatar farfaɗiya ce mai tasowa daga goshin ƙwaƙwalwa. Abin da ya raba gardama shi ne haɗa awon da hoton bidiyo na dare guda, inda aka ga farfaɗiyar gajera ce, galibi ba ta kai minti 2, tana maimaita kanta da siffa ɗaya, saɓanin tafiya cikin barci, wadda kan zo a sulusin farko na dare, ta daɗe, kullum da irin salonta.