Yadda Kududdufi Ya Zama Lambu a Fatakwal

Duk Bahaushen da ya daɗe a Fatakwal, mahauci ne ko mai sayar da albasa, ya san wurin nan na titin Aba da ke tsakanin barikin soja na Bori Camp da mahaɗar Air Force. Yau yara ne ke yawo cikin ƙananan jiragen ruwa a tafkinsa. A da kuwa kududdufi ne da aka ɗebe ƙasa aka bari, ciyawa ta rufe shi, ɓata-gari suka samu maɓoya.

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa Fatakwal a 1912 don fitar da kwal ɗin Enugu ta teku, Lugga kuma ya raɗa mata sunan ministan ƙasashen renon Ingila, Lewis Harcourt. Da layin dogo ya haɗe da Arewa, fatake suka riƙa gangarowa da shanu da hatsi. An tsara garin da filaye da itatuwa, har aka yi masa kirari da "birnin lambu".

Arzikin man fetur ya fi ƙarfin tsarin. Jama'a suka kwararo bayan yaƙin basasa, wanda bai da kuɗin haya a tudu ya gangara bakin ruwa, ya cike fadama da ƙasa, ya kafa ɗakin katako da kwano. Haka unguwanni irin su Bundu da Njemanze da Abonnema Wharf suka cika. Galibin mazaunansu leburori ne da masunta da 'yan tireda, amma ƙungiyoyin asiri masu ɗauke da bindigogi sun samu gindin zama a lungunansu, kuma faɗan da suka gwabza a watan Agusta 2007 ya sa sai da sojoji suka shigo gari.

Gwamnatin Rotimi Amaechi ta ce maganin abin shi ne rusau. A Agusta 2009 aka baje Njemanze, dubban mutane suka rasa matsuguni. Ran 12 ga Oktoba na shekarar jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Bundu, abin da kotun ECOWAS ta ce a 2014 take haƙƙi ne. Ita ma Abonnema Wharf an baje ta a 2012.

A nan ne mutum kan tuna da Walled City da ke Kowloon ta Hong Kong, unguwar da China da Ingila suka yi ta ja-in-ja a kanta har ta zama ba mai iko da ita sai 'yan daba. Mutum 33,000 ne suka cushe cikin fili da bai kai hekta uku ba. An rushe ta tsakanin 1993 da 1994, aka buɗe lambu a gurbinta a Disamba 1995, amma sai da gwamnati ta ware diyyar dalar Hong Kong biliyan 2.7 tukuna.

Lambun Fatakwal bai fito a kufan Njemanze ba. Gwamna Nyesom Wike ya ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyara kududdufin titin Aba, aka kewaye ruwan ya zama tafki, aka shuka ciyawa, aka kafa wuraren wasan yara da na cin abinci. A Mayu 2017, lokacin bikin cikar jihar Ribas shekara 50, aka buɗe shi da sunan Pleasure Park. Sai ka biya a ƙofa kake shiga.