Darasin Iyengar ga Mai Neman Malamin Yoga

A 1934 aka kai B.K.S. Iyengar birnin Mysore na Indiya ya koyi yoga wurin mijin yayarsa, Krishnamacharya, bayan zazzaɓin cizon sauro, taifod da tarin fuka sun raunana shi. Horon ya yi tsanani, har ya ji rauni a cinya. Da ya koma Pune koyarwa a 1937, sai a hankali ya shigo da katako, ɗamara da bargo, domin marar ƙarfi ma ya amfana.

Ma'aunin ke nan har yau. Malami nagari zai fara tambayar ciwonka da magungunan da kake sha, domin wasu na hawan jini kan jawo jiri. Wanda ya ce ka jure zafi, ko ka ajiye magani, ka guje shi.