Yajin Aikin 1945: Yadda Ma'aikata Suka Haɗa Kai Daga Ikko Har Ƙaura Namoda

Duk ɗan makarantar da ya san taswirar Nijeriya, in an ce ya nuna inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare wajen arewa maso yamma, zai ɗora yatsa a kan Ƙaura Namoda. Jirgi ya iso Kano a 1911. Bayan wannan aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura a 1929. Tun daga ran nan gyaɗa da auduga da fatun da a ke tarowa daga Zurmi da Shinkafi da Sakajiki da sauran garuruwan wannan gefe suka sami hanyar zuwa bakin teku. Jirgin da ya kwashe su kuwa shi ke komowa da gishiri da kananzir da yadi da goro.

Mun saba jin labarin Turawan da suka auna hanyar, da na kamfanonin da suka kafa sikeli. Yau muna so mu ba ku labarin waɗanda suka ɗauki diga da shebur, da masu zuba gawayi a tukunyar jirgi, da maƙeran ƙarfe, da akawuna, ku ji yadda suka koyi yin magana da baki ɗaya a kan abu uku: albashi, da kora ba bisa ƙa'ida ba, da ba 'yan ƙasa manyan ayyuka.

Mafarin al'amarin

Haɗin kan masu sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Fawa, fatake suna da madugu. Amma maƙeri shi ke da uwar maƙerarsa, shi ke yanka wa kayansa kuɗi. Aikin albashi dabam ya ke. Lebura ba shi da jirgi, ba shi da tasha, ƙarfinsa kaɗai ya ke sayarwa. In ya je shi kaɗai ya ce kuɗin ya yi kaɗan, sai a nuna masa ƙofa, gama ga mutum goma a waje suna jiran wurinsa. In kuwa dubu suka faɗa tare, tilas a saurara. Wannan shi ne asalin abin da a ke kira jam'iyyar ma'aikata, ko ƙungiyar ƙwadago.

A Ingila ma ba a sami wannan da sauƙi ba. A 1834, a wani ƙauye wai shi Tolpuddle, an kama leburorin gona 6 don sun yi rantsuwar haɗa kai a kan ragin ladansu, aka yanke musu shekara 7 a Ostareliya. Sai da jama'a suka yi ta kuka sa'an nan aka yafe musu.

A Nijeriya, leburorin Ma'aikatar Ayyuka sun yi yaji a Ikko tun 1897. Akawunan Gwamnati sun kafa jam'iyyarsu a 1912, malaman makaranta suka kafa tasu a 1931. Amma doka ba ta san da su ba sai da aka yi Dokar Jam'iyyun Ma'aikata a 1938, wadda ta ce kowace jam'iyya ta zo a rubuta sunanta. Wadda ta fara zuwa, a watan Janairu 1940, ita ce ta ma'aikatan reluwe. Shugabanta kuwa wani maƙerin injin ne, Michael Imoudu, mutumin ƙasar Ora, wanda aka haifa a 1902.

Yaƙi da tsada

Yaƙin Hitila ya tashi a 1939. Jiragen ruwa suka koma ɗaukar soja da makamai, kayan kanti suka yi wuya, abinci ya yi tsada a birane, albashi kuwa yana nan inda ya ke. Ana cikin haka, a 1941, shugabannin reluwe suka fito da tsarin biyan ma'aikata bisa awa. Ma'aikata suka yi lissafi, suka ga abin ragi ne. A ƙarshen Satumba na shekaran nan suka taso daga babbar ma'aikatar jirgi ta Ebute Metta, Imoudu na gaba, suka taka har gidan Gwamna. Gwamna Bourdillon ya saurare su, aka soke tsarin.

Nasaran nan ta buɗe wa sauran ido. Jam'iyyun ma'aikatan hannu na Gwamnati suka haɗu wuri ɗaya, suka nemi kuɗin tsada, watau ƙarin da a ke ɗorawa bisa albashi don rage zafin kasuwa, wanda a ke taƙaita sunansa da COLA. Aka ba su a 1942. Ba da jimawa ba kuma aka kafa babbar jam'iyya ta ƙasa duka, wadda T. A. Bankole ya shugabanta.

To, sai ga kora ta zo. A watan Janairu 1943 aka sallami Imoudu daga aiki, aka tsare shi da dokar yaƙi, ba a kai shi gaban alƙali ba. Aka fitar da shi daga Ikko, aka kai shi Binin, daga baya aka mai da shi Auci. Ku lura da wannan, gama a nan ne ma'aikata suka gane abin da kora ta ke nufi. Ba cikin mutum ɗaya kaɗai a ke bugu ba. In an kori mai magana, sauran duka sai su kama bakinsu, kowa na tsoron abincin iyalinsa. Saboda haka jam'iyyar da ba ta iya tsare ɗanta daga kora, ba ta iya neman ƙarin ko anini.

Kwana 44

Kafin 1945 tsada ta cinye ƙarin 1942 ƙaf. Abin da ya ƙara ɓata wa ma'aikata rai shi ne, a cikin shekarun nan an yi ta gyara wa ma'aikata Turawa alawus ɗinsu. Ran 22 ga Maris 1945 jam'iyyun suka rubuta wa Gwamnati takarda ɗaya, suka nemi abu biyu: kada ladan lebura ya kasa sule 2 da sisi a yini, kuma a ƙara kashi 50 cikin 100 bisa kuɗin tsada.

Gwamnati ta ƙi. Hujjarta ita ce, kaya ne suka yi ƙaranci, in an ƙara kuɗi a hannun mutane alhali kaya ba su ƙaru ba, sai farashi ya sake hawa. Maganan nan ba wofi ba ce, masana tattalin arziki sun san da ita. Amma ma'aikata suka ce, in haka ne, don me wannan hujja ba ta hana a ƙara wa Bature ba? Suka sa wa'adi, suka ce in ba a biya ba kafin ƙarshen ran 21 ga Yuni za su ajiye aiki.

Yaƙi ya ƙare a Turai a watan Mayu, aka saki Imoudu, ya shiga Ikko ran 2 ga Yuni, jama'a suka yi masa gagarumar tarya. Da wa'adi ya matso, Gwamnati ta gargaɗi shugabanni cewa yajin ya saɓa wa dokar yaƙi. Bankole da waɗansu suka ga ya kamata a ɗaga da kwana 14. Ma'aikata suka ce atabau, suka bi Imoudu. Gari ya waye ran 22 ga Yuni, jirage na tsaye.

Jam'iyyu 17 suka shiga, mutum wajen 40,000: 'yan reluwe, da 'yan gidan waya, da ma'aikatan tashar jirgin ruwa, da na Ma'aikatar Ayyuka, da masu ɗab'in Gwamnati. Dubi hikimar haɗuwan nan. Da 'yan reluwe kaɗai suka yi yaji, da an buga waya an nemo waɗansu. Da 'yan waya kaɗai suka yi, da an aika da takardu ta jirgi. Da suka tsaya gaba ɗaya, sai Hukuma ta rasa hannun da za ta kama ɗaya hannun da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin bai tsaya a Ikko ba. Ya bi dogo har Fatakwal da Inugu da Kaduna da Zariya da Kano. Zariya kuwa ita ce mahaɗar da reshen Ƙaura ya tsiro daga gare ta, in ta tsaya, duk abin da ke bayanta ya tsaya. Manomin Zurmi bai san Imoudu ba, lokacin ma damina ce, yana gona. Amma gishirin miyarsa da goron bakinsa ta hannun mutanen nan su ke biyowa. Aikin da ba a ganinsa sai ran da aka daina shi.

Yaya mutum zai yi sati 6 ba albashi? Jama'ar gari suka ɗauke su. Matan kasuwar Ikko suka sassauta musu farashi, suka ba da gudunmawa, waɗansu masu gidaje suka ɗaga musu kuɗin haya. Herbert Macaulay da Nnamdi Azikiwe suka goyi bayansu, har ran 8 ga Yuli Gwamnati ta rufe jaridun Azikiwe guda 2, West African Pilot da Daily Comet. Aka kama waɗansu shugabanni aka kai su kotu. Duk da haka ba a koma ba. A ƙarshen Yuli kuma sai Jam'iyyar Leba, wadda jam'iyyun ma'aikatan Ingila suka haifa, ta karɓi mulki a London.

A farkon Agusta aka daidaita, bayan kwana 44 a Ikko. A waɗansu larduna ya ɗara haka. Ku dubi sharuɗɗan da aka koma a kansu: ba za a kori kowa ko a tsangwame shi don ya yi yaji ba, za a janye ƙarar da aka kai shugabanni, za a kuma naɗa hukumar bincike. Watau sun koma ba su riƙe ko kwabo ba tukuna, amma sun fara tsare wuyansu. Hukumar, wadda Tudor Davies ya shugabanta, ta fito da rahotonta a 1946, ta ce a ƙara kashi 50 cikin 100 bisa kuɗin tsada, abin da aka ce da fari ba shi yiwuwa.

Aikin 'yan ƙasa

Saura magana ta uku. A zamanin nan manyan ayyuka na Turawa ne, ɗan ƙasa kome gwanintarsa yana ƙarƙashi. Bayan yajin, Gwamnati ta ga ba a ci gaba da haka. A 1948 aka naɗa hukuma a ƙarƙashin Hugh Foot, Babban Sakataren Gwamnati, ta ba da shawara kada a ɗauko Bature a aikin da akwai ɗan Nijeriya da ya iya, a kuma ba da guraben karatu don a sami masu iyawa.

A Arewa maganan nan tana da rassa biyu. Makarantun boko sun daɗe a Kudu kafin su yawaita a nan, saboda haka yawancin akawuna da direbobi da masu buga waya a tashoshinmu mutanen Kudu ne, 'yan ƙasa kuwa galibi lebura ne da 'yan dako. Ba ƙarfi ya raba su ba, alƙalami ne. Wannan ya sa malamanmu suka tashi. A 1948 aka kafa Jam'iyyar Malaman Makarantun Arewa a Zariya, Malam Aminu Kano na cikin manyan da suka kafa ta. A wajen wannan lokaci ne kuma aka kai shi makarantar horar da malamai ta Maru, nan kusa da Gusau, cikin ƙasar Zamfara. Suka nemi a gyara albashin malami da darajarsa, gama in malami ya wulakanta, ba mai fitar da yaran da za su riƙe ayyukan.

Abin da ya biyo baya

Hanyar ba ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar gawayi a Iva Valley, kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. Jam'iyyun kansu kuma suka yi ta rarrabuwa, kowane shugaba na jan nasa, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Amma duk sa'ad da suka sake haɗuwa sai a ji su. A watan Yuni 1964, bayan mulkin kai, a ƙarƙashin kwamiti ɗaya, suka yi yajin kusan sati 2 a kan rahoton hukumar Morgan game da albashi. A 1978 aka haɗa su cikin NLC. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya ba da hutun ranar ma'aikata a Jihar Kano, a 1981 ta zama ta ƙasa duka. A 1981 ɗin ne aka yi dokar mafi ƙarancin albashi, naira 125 a wata, a 2024 aka kai shi naira 70,000. Wannan doka jikanyar sule 2 da sisin nan ce. Imoudu kuwa ya rasu ran 22 ga Yuni 2005, shekara 60 cif da ranar da jirage suka tsaya.

To, 'yan makaranta, gobe waɗansunku za su zama ma'aikata, waɗansu su zama masu ɗaukar ma'aikata. Yaji ba wasa ba ne. Yana jawo yunwa a gidan mai yinsa, yana kuma taɓa talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutanen 1945 sun rubuta takarda a Maris, suka jira wata 3, sa'an nan suka ajiye aiki. In kun zama ma'aikata, ku riƙe aikinku da amana, ku san lissafin abin da ku ke nema, kada kuma ku yarda a raba ku da abokin aiki don garinku ba ɗaya ba ne. In kun zama shugabanni, ku saurari kuka tun yana a takarda, kada ku kori mutum sai kun ji ta bakinsa. Allah Ya sa mu ci guminmu, Ya tsare mu da cin na wani, amin.