Ganuwa Ba Ta Tare Waƙa: Finafinan Indiya da Furucin So a Birnin Kano

Birnin Kano bai yi wa sinima maraba ba. Rex, wadda aka buɗe a 1937, a wajen ganuwa aka gina ta. Da gobara ta tashi a sinimar El-Duniya a watan Mayun 1951 ta hallaka mutum 331, da yawa daga mutanen cikin gari sun ɗauki abin a matsayin fushin Ubangiji. Palace kuwa, da aka kafa a Jakara kusa da Kasuwar Kurmi a farkon shekarun 1950, malamai sun yi tir da ita, kuma mai zuwa can sunansa ɗan iska.

Duk da haka, da Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya, sai Bakano ya ga abin da finafinan kaboyi ba su taɓa nuna masa ba. Bai ji harshen ba, amma ya ga budurwa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai gaban manya. Ya ga uba ya yanke wa 'yarsa miji alhali zuciyarta tana wani gida. Wannan rigimar ai ta gidansu ce.

Ban yarda da masu cewa Indiyawa ne suka koya mana so ba. Tun kafin su akwai dandali, akwai zance a zaure, akwai toshi. Abin da ya sauya, a ganina, shi ne furuci. A al'ummar da kunya ta hana mace kiran sunan mijinta, so abu ne da ake aikewa ta bakin ƙawa, ko a ɓoye shi cikin habaici. Fim ya zo da masoya biyu suna faɗin abin da ke ransu da babbar murya, cikin waƙa, kuma labarin ya ba su gaskiya a kan iyayensu. Nan ne sabon abu yake.

Matan kulle ba su je Jakara ba. Fim ne ya iske su har ɗaki, ta talabijin a shekarun 1970, sannan ta kaset ɗin bidiyo. Waɗanda suka tashi a gaban akwatin nan su ne suka rubuta, suka kuma karanta, littattafan soyayya na Kano. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), Sumayya 'yar masu hali ta gwammace ta faɗa rijiya da a raba ta da talakan da take so. Iyaye sun yi kukan ana ɓata musu 'ya'ya, sai dai auren dolen da littafin ya tona ba daga Bambai aka kawo shi ba.

Bayan Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa suka gaji waƙa da rawar masoya, har gwamnati ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Abin da na fi zargin wannan gado da shi ba rawar ba ce. Yawancin labaran a ranar ɗaurin aure suke tsayawa, ba sa bin amarya zuwa inda za ta gamu da cefane da uwar miji da kishiya.

Su kuwa sha'iran bandiri na cikin birni wata hanya suka bi: suka ɗauki karin waƙoƙin Indiyan nan, suka zubar da kalmomin masoya, suka ɗora begen Annabi (SAW) a kai.