Giɓi a Cikin Ƙura: Tarihin Farautar Duniyoyin da Suka Ɓuya

Masuncin da ya saba da ruwan Matan Fada a Argungu ba ya jiran ganin giwan ruwa da ido. Motsin saman ruwa ya ishe shi sanin cewa wani babban abu na ƙasa. Kusan shekara 40 ke nan masana taurari suna irin wannan karatu a sararin samaniya.

Sabon tauraro yakan kasance kewaye da faifan ƙura da iskar gas, kuma daga cikinsa ake samun duniyoyi irin tamu. Hasken tauraron yana dusashe su, amma ƙarfin janyowarsu yana barin sawu: giɓi, zobe, ko karkacewar faifan.

A 1984, Bradford Smith da Richard Terrile suka ɗauki hoton faifan tauraron Beta Pictoris daga ƙasar Chile. Daga baya aka lura tsakiyarsa a karkace take, kuma a 1997 wasu masana suka ce wata duniya ce ke jan sa. A 2008 Anne-Marie Lagrange ta Faransa ta sanar da ganin ta. Hasashe ya tabbata.

A shekarar ce kuma Paul Kalas ya sanar da wata duniyar kusa da zoben tauraron Fomalhaut, bisa hotunan madubin Hubble. Sai dai ɗigon hasken ya yi ta dusashewa, har a 2020 bincike ya nuna cewa mai yiwuwa gajimaren ƙura ne da karon manyan duwatsu ya tayar.

A 2014, na'urorin ALMA da ke hamadar Atacama suka fito da hoton HL Tauri, jaririn tauraro mai zobba a jere. Idan duniyoyi ne suka share waɗannan giɓi, to suna haɗuwa da sauri fiye da yadda aka zata. Amma daskarewar ƙanƙara ma tana iya zana zobe. Sai a 2018 Miriam Keppler da abokan aikinta suka ga PDS 70 b zaune cikin giɓin faifanta, aka kuma gano ta biyu a 2019.

Yawancin giɓin da aka gani har yau ba a ga mai su ba. Amsar tana da nauyi, domin a irin wannan faifan aka samu duniyarmu shekara biliyan 4.5 da suka wuce. A Argungu ma, ba a ba masunci kyauta don ya ga ruwa ya motsa; sai an ɗora kifin a kan sikeli.