Tarihin Binciken Tagwaye: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ake Tsallakewa

Wanda duk ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama ya san ba a shan wahalar raɗa wa 'yan biyu suna. Hassan da Hussaini ne, ko Hassana da Hussaina, mai bi musu kuwa Gambo. Su ma masanan ilmin gadon halitta sun daɗe suna sa ido a kan tagwaye, sun kuma rubuta tarihin binciken da hannunsu. To, mai ba da tarihin gidansu ya san inda zai yi sauri.

Galibi sukan fara da Francis Galton na Ingila, wanda a 1875 ya kwatanta tagwaye don ya bambance abin da mutum ke gada da abin da reno ke ba shi. Abin da sukan ambata a gurguje shi ne, Galton ɗin nan ne a 1883 ya raɗa wa aƙidar tace iri suna, wato a ƙarfafa wa wasu mutane haihuwa, a hana wasu. A Jamus, Otmar von Verschuer ya yi suna wajen auna tagwaye, almajirinsa Josef Mengele kuwa shi ne ya azabtar da su a sansanin Auschwitz, inda ya isa a 1943. Duk da haka, a 1951 Verschuer ya sami kujerar farfesa a Munster. Sai Cyril Burt, wanda ya ce ya gwada basirar tagwaye haihuwa 53 da aka rena a gidaje dabam-dabam. Bayan mutuwarsa a 1971, Leon Kamin ya lura cewa sakamakonsa ba ya motsi ko da yawan tagwayen ya ƙaru. Marubuta da yawa sukan ware Mengele a matsayin azzalumi, Burt a matsayin wanda ake zargi, sa'an nan su ce gida lafiya lau. A ganina wannan wanke kai ne, domin su biyun a cikin gidan aka rene su.

Mu kuma da alkaluma muka shiga littafin. Percy Nylander ya ƙidaya tagwaye kimanin 45 cikin haihuwa 1,000 a ƙasar Yarbawa. A 1980 Rehan da Tafida suka buga nasu lissafin na matan Hausawa a Katsina, kusan 40 cikin 1,000. Amma a asibiti suka yi ƙidayar, a zamanin da akasarin mata a ɗaka suke haihuwa, sai naƙuda ta yi tsanani a nemi mota, kuma cikin tagwaye ya fi saurin kawo tsanani. Saboda haka adadin na asibiti ne, ko da yake masu kwafe sukan rubuta "Hausawa" a gefensa. Tagwayen da ungozoma ta karɓa a ƙauyukan Maiyama cikin shekarun nan, ba su shiga rajistar kowa ba.